Ramin da Bikili Ya Tona

Ranar wata Laraba ce, a farkon daminar shekarar da nake aji huɗu a firamare. Na taso daga makaranta da rana tsaka, takalmana a hannu saboda caɓi, tun kafin in kai ƙofar gidanmu a Kademi na fara jiyo wata ƙara kamar ana daka a tsohon turmi. Da na wuce zaure sai ga Bikili, dokin kakana, ya sunkuyar da kai yana kartar ƙasa da ƙafarsa ta gaba, yana watsa jar laka har jikin danga. Ya riga ya yi rami a gindin turkensa wanda zai ɗauki ƙwaryar fura. Kusa da shi Goggo Ladi mai daddawa ce a tsaye, ta zo dubiya, ta dafe ƙirji tana salati. Ta dubi ramin, ta dubi ƙofar ɗakin da kakana ke kwance, ta rage murya ta ce wa Iya, kakata, "Doki ba ya tona rami a gidan majinyaci a banza." Ban gane nufinta ba a lokacin, amma na ga yadda fuskar Iya ta sauya.

Malam muke ce wa kakan nawa. Kafin ciwo ya kayar da shi, ban taɓa sanin wayewar garin da bai fara da Bikili ba. Daga masallaci turke yake zarcewa, ya share wurin da kansa, ya jiƙa dusa da ɗan kanwa, ya goge jikin dokin yana yi masa hira kamar wani abokin dara. Labarin farashin gyaɗa, labarin wanda ya ci iyakar gonar wani, duk Bikili ne ke fara ji kafin Iya. A kansa yake zuwa gona, a kansa yake zuwa kasuwar Ajingi, har Gaya yakan kai shi idan ta kama, alhali sa'anninsa duk sun koma hawa bayan babur. Ni kuwa aikina ɗebo wa dokin ruwa, ladana kuma tsokana. Malam ba ya kirana da sunana sai "Amarya", ni kuma, kamar kowace jika, ba na raga masa. In ya yi tari in ce, "Tsoho, ka dai yi ka tafi mu ci gumba." Ya yi dariya har rawaninsa na karkacewa, ya ce, "Ke da gumbata sai kin yi furfura, mai kan ƙwarya."

Ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kai shi asibiti a Gaya, aka dawo da shi da magunguna, aka kwantar a ɗakinsa da ke kallon turken. Sai kuma damina ta kankama. Wanda ya tashi a ƙauye ya san damina ba ta jiran mai jinya. Baba da yayana Sale suna fita gona tun da duhun asuba, shukar gero, shukar gyaɗa, ga noman fari ya taho a guje. Mata suna fama da daka da kai abinci gona, mu yara muna kiwon awaki bayan makaranta. Babu wanda ya yi wa Bikili rowa, kullum gabansa cike yake da harawa da sabuwar ciyawa. Abin da babu shi ne mai kwance shi. Dokin da ya saba cin hanya kullum ya wuni ya kwana a turke, yana jin tarin ubangidansa ta bayan labule, ba ya ganinsa.

Maganar Goggo Ladi ba ta kwana a gidanmu ba. Washegari a bakin rijiya na ji fassararta ƙarara: wai kabarin Malam dokin yake tonawa. Baba ya yi karatu daidai gwargwado, ya san camfi ne, ko liman da ya zo dubiya ya ce rai a hannun Allah yake, ba a kofaton dabba ba. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ke iya ɗauka daban, balle mahaifinka na kwance. Aka shiga neman yadda za a tsayar da tonon. Sale ya cika ramin da ƙasa, kafin la'asar Bikili ya kwashe ta. Aka zuba duwatsu, ya fasa gefen kofatonsa. Aka yi masa tsawa, aka nuna masa bulala, har dabaibayi Baba ya sa masa, igiyar ta goge masa fata ya yi ta fizge-fizge sai da aka cire. Dabarar da matan gidan suka fi ganewa ita ce, da zarar an ji ƙarar, a ruga da dusa a tura masa don ya yi shiru kada Malam ya ji. Ni ce ma 'yar aiken. Yakan yi shiru kuwa, ya cinye, sannan ya koma tononsa da ƙarfin da ya fi na da.

Da abin ya ƙi, Baba ya tumɓuke turken ya mai da shi can bayan rumbuna, inda ko haniniya ba za ta kai ɗakin Malam ba. Aka tara mu aka ja mana kunne: kada wanda ya kuskura ya ambaci doki a gaban mara lafiya. A can bayan rumbunan Bikili ya fara sabon rami, ya daina cin harawar ma sosai, haƙarƙarinsa suka fara nunawa. A ɗaki kuma Malam ya yi shiru. Da yana ƙoƙarin zama a jingina shi da bango, yana shan kunu da hannunsa mai lafiya, yanzu sai ya juya fuska ga bango ya ce ya ƙoshi. Bai tambayi kowa komai ba. Baba ɗan fari ne, tsakaninsu akwai kunya, magana ba ta wuce gaisuwa da "ya jiki". Manya suka ga ƙin cin abincin nan, suka ga ramin, suka haɗa biyu da biyu. Na ji Baba yana gaya wa Iya cewa ranar kasuwar Ajingi mai zuwa zai kai dokin ya rabu da shi, kowa ya huta.

Makon nan ban ji daɗin komai ba. A makaranta ana buga ƙarfen tara ƙawayena su ja ni carafke a gindin darbejiya, duwatsun su yi ta zubewa daga bayan hannuna, ni da ba a cin ni. Wani yaro ɗan ajinmu ya tambaye ni ko ramin ya kai tsawon mutum, na watsa masa ƙasa a ido, aka sa ni sharar filin makaranta. Tausayin dokin nake ji, ina kuma jin haushinsa, ina tsoron kada maganar Goggo ta zama gaskiya. Kuma na yi kewar faɗa da Malam, don tun da ya kwanta kowa ke shiga ɗakinsa da sanɗa, ana magana ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi rasuwar.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Iya ta ba ni kunun tsamiya in kai masa ko zai karɓa daga hannuna. Na same shi fuska ga bango. Na ce ga kunu, ya ce in mayar. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, haushi ya taso mini, bakin jika kuma ba shi da linzami. Na ce, "To kar ka sha, tsoho. Dama ko dokinka ya gaji da kai, yana can bayan rumbu yana tona maka kabari. Mun kusa cin gumba." A duk gidan nan babu mai iya furta wannan magana a gabansa sai ni, don ni kaɗai al'ada ta ba wa lasisin yi masa wasa da mutuwa. Malam ya juyo a hankali. Bakinsa a karkace yake, maganarsa ba ta fita sosai, amma na ji ta sarai. Ya ce, "Bikili yana gidan nan?" Na ce yana nan mana. Ya ce, "Ba a sayar ba?" Na ce sai gobe. Sai na ga hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye, ɗaya gefen kuma yana dariya. Ashe tun ranar da ya daina jin motsin dokin ya ɗauka an sayar an biya magani, kunya ta hana shi tambayar ɗansa, ya kuma yanke a ransa cewa tunda har an sayar da dokin mutum yana raye, to an gama fid da rai da shi.

Ya sa na kira Baba daga gona. Ban taɓa jin Malam ya ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, cewa kawai ya yi a fitar da shi waje a kawo masa dokinsa. Aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar ɗaki aka jingina shi. Kafin a kawo dokin ya yi wa Sale tambayoyi: yana kashi? Yana birgima? Yana waiwayar cikinsa yana gumi? Sale ya ce kashi lafiya lau, ba ya birgima. Malam ya ce to ba ciwon ciki ba ne, alhamdulillahi, don shi ne tonon da ke kisa. Da aka zagayo da Bikili ta gefen rumbu ya hango mai zaman buzun, ya yi wata siririyar haniniya, ya ja Sale har gabansa, ya sa hanci a ƙirjinsa yana shaƙa. Malam ya dafa goshin dokin. Sannan ya dubi Baba ya ce, "Kun ɗaure mai tafiya, kun raba shi da mai yi masa magana, in ya yi ƙara kuma ku biya shi da dusa. Ko ni ne sai in tona."

Daga ranar aka mai da turken inda yake. Malam ya kafa doka daga kan buzunsa. Sale ya riƙa fita da dokin kafin ya tafi gona, da yamma kuma ya hau shi zuwa bakin fadama ya dawo. Aka ɗaure tsohuwar akuyar Iya kusa da shi don ya sami abokin zama. Ni kuma aka ba ni aiki mafi wuya: in tsaya da ƙwaryar dusa daga nesa, muddin yana tono kada in matsa, kada in yi tsawa, kada ma in kalle shi. Sai ya ajiye ƙafafunsa huɗu a ƙasa ya natsu, sannan in kai masa. Kwanakin farko hannuna har sagewa yake yi, ina ƙunƙuni Malam yana mini dariya, yana cewa, "Amarya, wanda ya fi haƙuri a cikinku shi ne mai gidan." Tonon bai tsaya rana ɗaya ba. Ya ragu ne kaɗan-kaɗan, ya koma sai in an makara da fita da shi, kafin gero ya fid da kai kuma ciyawa ta rufe ramin. Malam bai sake hawa doki ba, amma ya koma shan kununsa, ya kai ga takawa da sanda har turke. Gumbarsa ba a daka ta ba sai da na gama sakandare, kuma ranar ko loma ɗaya ban kai baki ba.

Yanzu a Kano nake aiki. Inda turken yake, babur ɗin ɗan Sale ne ke kwana, kuma duk unguwarmu ba na jin akwai mai doki. Baba ne a ɗakin Malam, idonsa ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Ba a rage shi da komai ba, muna aika kuɗi, muna aika magani, mun saya masa waya. Sai ya kama kiranmu, safe da rana da yamma, in ka ɗauka ba shi da abin faɗa sai ya tambaye ka ko an yi ruwa a wajenku. Kwanan baya ƙanwata ta ce mini a waya tsufa ya fara taɓa Baba, ta tura masa kati da ɗan abin cefane ko zai sarara. Na ajiye wayar ina jin ƙarar kofato a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da Asabar ta zo na ɗauki ƙaramar 'yata, mai bakin da ya fi nawa, muka hau motar Gaya.

Shi ma Baba ba dusa yake nema ba.