Inna Fanko da Ramin da Ba Shi da Mai Shi

Ranar da Inna Fanko ta faɗa cikin bahon dusar awaki, ƙafafu sama, ɗankwali can, takalmi ɗaya can, ba wanda ya ture ta. Ita da kanta ta kife turmi a tsakar gidan ƙanin mijinta, ta ɗare kai da shekarunta sittin da ɗoriya, tana lalube a ƙarƙashin kwanon rufi. Turmi ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya mirgine. Matar gidan ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta tarar da babbar mace zaune cikin ruwan dusa, akuya na lasar mata kunne.

"Yaya! Me zan gani? Kin karye?"

"Ban karye ba. Kore min wannan 'yar banzar." Inna ta ɗaga hannun dama, wanda duk faɗuwar nan ba ta buɗe shi ba. Ƙullin leda ne a ciki, a cikin ledar ƙwayoyi rawaya guda takwas. "Wannan ne maganin da kika ce min mijinki ya shanye?"

Matar gidan ta duƙar da kai. Ta ce ita dai katin magani ya miƙa mata fanko da sassafe, ya ce in Yaya ta zo a ba ta, ya saɓi shebur ya fita ko karyawa bai yi ba.

Sunan Fanko daga nan ya samo asali. Inna ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ba ta da farar riga, ba ta iya rubuta komai ba sai lambobi. Amma duk wanda malamin asibiti ya tsiki yatsarsa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya ba shi katin ƙwayoyin nan na kwana uku, to ya yi baƙuwa. Safe da yamma za ta zo da kofin silba da 'yar gorar madara, don an gaya mata maganin ba ya son cikin da babu maiƙo. Za ta tsaya a kanka har ka haɗiye, ta ce buɗe baki, ɗaga harshe. Ran na uku da yamma ta karɓe fankon katin ta tafi da shi. Ba a biyanta, ba a kuma gayyatarta.

Fankunan nan ba ta zubarwa. Hudawa take yi ta zura a zare, ta rataye a ɗakinta daga wannan bango zuwa wancan, layi bisa layi, har sai ka duƙa kafin ka kai bakin gadonta. Mu da muke katanga ɗaya da ita mun sha jin su da tsakar rana, lokacin da ko ganye ba ya motsi, suna wani ƙaras-ƙaras a hankali kamar ana ƙirga su, alhali ita tana can wata unguwa. Ta ce ɓeraye ne. Ba wanda ya taɓa ganin ɓera a ɗakin. Shi ya sa ake cewa tana jin ƙanshin maganin da aka ɓoye, wai in ta tsaya a ƙofarka ta yi shiru, to gidan akwai wanda ya ci amanar jikinsa. Ita kuwa cewa take yi ba wani asiri, mutane ne ba su da wayo: kwanon rufi, cikin matashi, gidan batirin rediyo, tsohon takalmi, iyakar dabararsu ke nan.

Ba haka take ba da. Mijinta, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne, mutum mai ƙarfi kamar sa. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sha magani kwana biyu, ya miƙe ya ce ya warke, har ya koma aiki. Bayan sati biyu ciwon ya dawo, lokacin ruwa ya cinye hanyar asibiti. Sai da aka dawo daga rufe shi, tana kakkaɓe hularsa, katin ya faɗo da ƙwaya takwas a ciki, sababbi fil. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Washegarin fitarta daga takaba aka fara ganinta a ƙofofin mutane da kofin silba.

Wanda ya haƙa kabarin mijin nata shi ne wannan ƙanin nasa, don sana'arsa ke nan, shi ke kula da maƙabartar gari. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani, ba kuma mai son zancenta. Da zarar damina ta yi tsakiya, sauro ya cika gari, ba ya jiran a aiko masa. Kullum yana da rami ɗaya haƙaƙƙe a ajiye, wai kada mutane su zo da gawa su tsaya cikin ruwa suna jira. Wane ne mai ramin, shi ma bai sani ba. Abin da aka lura dai, ramin bai taɓa kwana uku babu kowa ba.

Inna ta matse zaninta, ta nemo takalminta, ta ɗauki kofi da gora.

"Yaya, ina kuma za ki a haka? Ki canza kaya mana."

"Inda zan je ba mai kallon kaya."

Rana ta take. Kowa yana gona, layin gidajen shiru, ƙofofi a rufe, sai kaji kwance a inuwa baki buɗe. Ruwan jiya ya kwanta a kwatami, sauro na tashi daga ciki da rana tsaka ba kunya. Ta bi siririyar hanyar da ta ratsa cikin masara, masarar ta fi ta tsawo, ba ta ganin komai sai abin da ke gaban ƙafarta. Sau biyu ta ji kamar taku a bayanta, ta waiga, ba kowa. Takalminta ne jiƙaƙƙe yake mata magana.

Ƙyauren maƙabartar a buɗe yake. Ta yi sallama, ba amsa. Ciyawa ta rufe tsofaffin kaburbura, ko tsuntsu ɗaya ba ya kuka. Can ƙarshe, kusa da katanga, ta hango tulin jar ƙasa sabuwa, shebur a cake a kai, hula a rataye a ƙotar shebur ɗin. Mutum kuwa babu.

Hanyar zuwa wurin ta gefen kabarin mijinta take bi. Ta zo daidai nan, ta rage tafiya yadda ta saba, sai ta ji murya. Daga ƙasa ta fito, a shaƙe, tana rawa.

"Ruwa... a ba ni ruwa..."

Muryar mijinta ce. Babu tantama, ita ce, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Da wannan muryar ya roƙe ta ruwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Gorar madara ta suɓuce wa Inna, ta cafe ta a ƙirji. Ta tsaya tana kallon tudun kabarin, ciyawar kansa ko motsi. Can muryar ta sake zuwa, wannan karon da wani ƙaf-ƙaf-ƙaf na haɗuwar haƙora, sai ta gane ba daga nan ba ne, daga can gaba ne. Ta manta wa da ƙani murya ɗaya Allah ya ba su.

Ta leƙa sabon ramin. Ga shi nan kwance a ƙasa a miƙe, ya juya ta gefen dama, jiki duk jar ƙasa, yana kakkarwa. Tsawon ramin da nasa kamar tela ya auna.

"Kai! Me kake yi a nan?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Matar yaya? Jiri ne ya ɗebe ni. Na ce bari in ɗan kishingiɗa, ƙasan da sanyi. Yanzu kuma na kasa hawowa."

Ta duƙa a bakin ramin, ta kwance ledar ta nuna masa. Ya kau da ido.

"Jikoki na ajiye wa," ya ce. "Kin san hanya in ruwa ya cika. In ɗayansu ya kwanta fa?"

"In ɗayansu ya kwanta ni zan goya shi in ratsa ruwan, a gwada shi a ba shi nasa daidai shi. Rabin magani bai warkar da kai ba, ina zai warkar da su?"

Ta ware huɗu, ta tsiyaya madara a kofi, ta kwanta rub da ciki a kan taɓo ta miƙa hannu ƙasa. Madarar na ɗiga masa a kafaɗa. Shi kuwa, da yake taurin kai gadonsu ne, bai karɓa ba.

"Ni fa na warke, matar yaya. Tun jiya na warke. Rana ce kawai ta buge ni."

Inna ta dube shi daga kai har ƙafa, ta dubi shebur.

"To madalla. Ga huɗu yanzu, huɗu da yamma, gobe mu je a sake duba jininka. In kuma ka warke ɗin ne, gyara kwanciya, ba sai na wahalar da mutane sun ɗauko ka daga gida ba. Ni ma na iya shebur."