Kukan Nha Tuca a Bakin Goge

A Amadora, gefen birnin Lisbon, Ivandro Furtado ya tashi a hannun kakarsa Nha Tuca, wadda ta baro tsibirin Santiago tana budurwa, ta ƙarar da ƙarfinta wajen goge benayen mutane. Tun yana ƙarami kunnensa ya fi bakinsa aiki. In matan unguwa sun zauna kiɗan batuku, suna dukan ƙunshin tsumma a tsakanin cinyoyinsu, to yana nan gindinsu baki sake. Da ya girma ya shiga makarantar kiɗa, ya koyi tsara wa masu goge da busa abin da za su kaɗa.

Ranar da mahaifinsa ya rasu, Nha Tuca ta yi kukan mutanen Santiago: kuka mai rerawa, ana kiran mamaci da sunansa, ana ba shi saƙo ya kai wa waɗanda suka riga shi. Kowa na hawaye. Shi kuwa kunnen nan ne ya ci amanarsa, ya ji muryar ta yi daɗi. Ya zura hannu aljihu ya danna waya, ya naɗe kukan tsaf.

Daga baya ya cire kalmomin, ya ɗora muryar a kan goge. Kiɗan ya yi masa suna. Bai taɓa gaya mata ba, kuma duk tafin da aka yi masa sai ya ji kunyar kansa.

Wata Lahadi da rana maƙwabta suka kai Nha Tuca zauren da ake kaɗa kiɗan nasa ba da saninsa ba. Sai ɗankwalinta ya hango a cikin masu sauraro.

Da aka tashi ya same ta a kujerarta, ya durƙusa.

"Kaka, ki yafe mini. Ranar nan..."

"Ai na gan ka da hannu a aljihu, ɗan nema. Ka ɗauka hawaye makantar da mutum yake yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mai gogen ya iya kuka, ban raina masa ba," in ji ta. "Amma na kasa kunne har ƙarshe, ban ji sunan ubanka ba. To wa kuka yi wa kukan?"

Ivandro ya buɗe baki zai kira sunan. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza ne ya riga sunan fitowa.