Baba Mai Hoto da Akwatin Kayan Aiki

Kullum da safe, kafin ya goge kyamara, Baba Mai Hoto yakan buɗe tsohon akwatinsa ya kakkaɓe abin da ke ciki: farar rigar likita, hular soja, rigar lauya da ta koɗe, duk ɗinkin yara da matasa. Iyaye kan kawo 'ya'yansu a ɗauke su a ciki. Dokarsa ɗaya ce, uba ya jira a bayan labule, yaro ya zaɓa da kansa.

Na karanta littattafai da yawa a kan mafarkin ƙuruciya, amma a wannan ɗan shago na gan shi yana girma. Ƙanena yana ƙarami soja ne, har da ƙamewa. Daga baya ya koma matuƙin jirgi. Baba kan tsokane shi: "Ranka ya daɗe, bana kuma wane aiki muka samu?"

Shekarar da zai gama sakandare, mahaifinmu ya kai shi da niyyar rigar likita, don ya riga ya gaya wa dangi. Ina leƙe ta gefen labule, ƙanena ya tsaya gaban akwatin kamar an dasa shi.

"Ɗana, wanne?"

"Baba, nawa ba ya ciki," ya ce a hankali. "Kafinta nake so in zama. Na kasa faɗa a gida."

Tsohon ya fita ta ƙofar baya, ya aro zarto wurin maƙwabcinsa, ya miƙa wa ƙanena, ya ɗauki hoton. Da mahaifinmu ya gani, sai ya haɗe rai.

"Malam, likita na kawo maka."

"Alhaji, wanda ya tsaya gabana shi nake ɗauka. Dubi fuskarsa, yaushe rabon ka ga wannan dariyar?"

Mahaifinmu ya daɗe yana kallo, ni kuwa ƙwalla ta cika min ido. Da muka isa ƙofar gida, sai ya ce wa ƙanena: "To, sai ka nemo ubangida na ƙwarai da zai koya maka. Ba na son kujera mai rawa."

Yanzu ido ya yi rauni, Baba zai rufe shago. Baba Mai Hoto, kai ne, mai haƙurin jira, ka ji abin da muka kasa ji a gida. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Iyaye, ku yi koyi da shi. Ku tambayi yaro bana, baɗi ku sake tambaya, kada ku ɗaure shi da amsar da ya bayar yana ɗan shekara biyar.