Azurfar Kakata da Sarakunan Delhi

Kakata ta wajen uba tana da wata tsabar azurfa mai rubutun Larabci, gefenta duk ya cinye. Kakanta ne ya zo da ita daga Makka, wani Ba'indiye da suka yi jinyar juna ya ba shi. Ta sha nuna ni a gaban kowa tana cewa, "Ran da na rufe ido, ta wannan yarinyar ce."

Ko sadakar uku ba a yi ba, Baffa, ƙanin babanmu, ya zare ta daga ƙarƙashin matashinta, ya kai wa maƙeri a Tofa aka narka, aka yi masa zobe. Da na fashe da kuka sai ya ce, "Ke tafi can! Tsohon ƙarfe ne, ko goro ba ya saya."

Na girma, na yi aure, har ciwon ƙoda ya sa na raka yayata asibiti a Delhi. Da ta samu sauƙi muka leƙa gidan tarihi. Ina ɗaga ido na ga 'yan uwan azurfar kakata jere a cikin gilashi. Matar da ke zagawa da mu ta ce da irinsu ake gane sarakunan birnin na da, domin kowane sarki yakan buga sunansa da shekara da inda aka ƙera. Wanda ya yi ɗan gajeren mulki ma, tsabarsa ce shaidarsa.

Na tsaya ina kallonsu. Ashe sunan sarki guda Baffa ya narka don ya yi ado.

Ranin da na dawo, injin ban-ruwan Baffa ya mutu a gonarsa ta bakin dam ɗin Watari, tumatirinsa na tsaka da fure. Nawa injin yana zaure a ajiye. Da kansa ya zo, zoben na hannunsa.

"'Yata, ki taimaka min da injin nan."

Na ce, "Baffa, ciro zoben ka ajiye, ka ɗauki inji."

Ya ce ashe ba ni da kunya, ya kaɗe riga ya fita. Maigidana ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ko kusa.

Furen ya kakkaɓe, gonar ta bushe ƙurmus. Da yamma nakan bi ta bakin dam ɗin musamman, in rage tafiya in kalla.