Hannun da Ya Cire wa Shu'aibu Ƙaya

Shu'aibu mai lambu bai taɓa cewa shi mawaƙi ne ba, amma kada ka kuskura ka ce masa ba mawaƙi ba ne. Shekararsa hamsin da ɗoriya. Lambunsa na bakin tafkin Madarumfa, inda yake noman albasa da tumatur da ɗan barkono in rani ya kama. Karatun boko aji huɗu ya yi a Gabi, ya ce ya ishe shi. Da wannan aji huɗun ya cika littattafan rubutu goma sha ɗaya da waƙa, ya zuba su cikin wankakken buhun taki, ya rataye a bukkar lambu don kada gara ta riga mutane karantawa.

Ba abin da ya bari. Ya yi wa tsutsar tumatur waƙa, ya yi wa injin ban-ruwa da ke ƙin tashi ranar da aka fi bukatarsa, ya yi wa shekarar da tafki ya cika har ya shigo gonaki. Halinsa ɗaya ne da kowa ya sani: ba ya karɓar gyara. Abokinsa Al'amin, malamin lakkwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe kamar kowane malami a can, ya taɓa ce masa wani baiti ya yi tsawo. Shu'aibu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Mushe, ka tahi ka gyara wa 'yan lakkwal. Baitina inda ya tsaya, nan na so shi tsaya." Tun daga ranar Al'amin ya kama bakinsa. Aikinsa ya koma ɗaukar hoton shafi da waya, ya tura zauren WhatsApp na 'yan Madarumfa, na gida da na ƙetare.

Akwai waƙa guda da Shu'aibu ya yi shekaru yana kewaya ta bai rubuta ba, wato ta mahaifiyarsa Hajara. Ta rasu yana ƙarami. Babansa ya ɗauke shi ya kai Gabi wurin dangi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa zama ya ba shi labarinta ba, don mutum ne da in an ambaci sunanta sai ya tashi ya bar wurin. Babu hoto, babu ko tsohon zane. Abin da Shu'aibu ya mallaka nata duk duniya abu ɗaya ne, kuma a cikin kansa yake: yana zaune a cinyar mace, hayaƙin banda na tashi, hannunta mai lanƙwasasshen ƙaramin yatsa na cire masa ƙaya daga kifi. Ya riƙe wannan tunani gam, ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

Bara da kaka ya rubuta ta a zama ɗaya. Ga yadda ta fara:

Ban san fuskarki ba, Inna, na yi ƙanƙanta,
Hannunki kaɗai na riƙe, zuciya ba ta manta,
Ƙaramin yatsa a lanƙwashe, ƙaya yake tsinta,
Ki hura tsoka ta huce kafin bakina ya taɓa ta.

Masana za su ce ƙafar waƙar na ɗingishi, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma Al'amin na tura ta, zaure ya rikice. Mahaman direba, mai jigilar kaya zuwa Jibiya, ya aiko saƙon murya yana jan hanci, ya ce sai da ya faka mota gefen hanya, don kakarsa ya tuna, mai tauna masa gyaɗa kafin ta sa masa a baki. Wata Atika da ke aure a Maraɗi ta rantse cewa da mahaifiyarta ake, har tana tambaya ina Shu'aibu ya san su. Wani da ya shekara tara a Legas bai leƙo gida ba ya rubuta cewa sallar bana a Madarumfa zai yi ta. Shu'aibu ya ji daɗi ba kaɗan ba, har tafiyarsa ta canza. Duk wanda ya tare shi da zancen, amsarsa ɗaya ce: "Kowa ya yi kukan tasa Innar, ban hana ba. Amma wagga tawa ce."

Ranar wata Laraba da hantsi yana ba albasa ruwa, sai ga mata biyu sun nufo lambun. Ɗaya sa'arsa ce, ɗayar tsohuwa tukuf, tana dogara sanda. Suka yi sallama, ya shimfiɗa musu buhu a inuwar bukka. Ƙaramar ta ce sunanta Zahara'u, wannan kuma mahaifiyarta ce Ɗelu, wadda ta yi kusan shekara hamsin a Jibiya, sai bana da mijinta ya rasu aka dawo da ita gida. Ta ce ita ta karanta wa tsohuwar waƙar, kuma tun ranar tsohuwar ta hana kowa sakat sai an kawo ta wurin mai ita.

Shu'aibu ya gyara zama yana jiran yabo, don ya saba.

Ɗelu ta ce, "Kai ne ɗan Hajara, matar Ibrahim mai jaki?"

"Ni ne, Baba."

"To waƙarka ta yi daɗi, amma akwai gyara."

Nan take fuskarsa ta canza. Albarkacin furfura kawai ya sa ya tausasa murya, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ba a yi mini gyara. Balle wagga. Da idona na gani."

"Ka gani hwa, ban musa ba. Amma Hajara ɗiyar manoma ce daga garin Sarkin Yamma. Ko warin kihi ba ta so. In na hasa wutar banda, ɗaki take shiga ta ja ƙyaure tana yi mini tsiya ta katanga. Kuma watanka bakwai ta rasu, ko haƙori ba ka yi ba. Mi za ka ci kihi da shi?"

Sannan ta zaro hannun hagu daga mayafi ta ɗora bisa gwiwa. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Ta ce igiyar komar kamun kifi ce ta karya shi tun tana budurwa, tana taya babanta ja. Ta ce su maƙwabta ne. Da Hajara ta rasu, ita tana goyon Zahara'u, sai ta haɗa su biyu ta shayar. Shekara uku yana hannunta, har ranar da babansa ya ɗora shi bisa jaki suka nufi Gabi, ita kuma ba a jima ba mijinta ya kwashe su zuwa Jibiya.

Shu'aibu ya ƙura wa yatsan ido. Ya miƙe ya je ya kashe injin da ke ta zuba ruwa har fangali ya tumbatsa, ya daɗe tsaye yana ba su baya. Gaskiya baƙin ciki ya fara ji, ba murna ba. Abu ɗaya tak yake da shi na uwarsa, ga shi an zo har lambunsa da rana tsaka an ce ba nata ba ne. Ya dawo idonsa jawur, ya ce, "Ke nan ba ni da komi nata. Ko hannun."

Ɗelu ta yi dariya har da tari. "Ba ka da komi nata? Wushiryar da ke bakinka ta wa ce? Kuma yadda ka ɗaure mini huska yanzu da na ce akwai gyara, wallahi sai na ga Hajara zaune. Na taɓa ce mata gishirin miyarta ya yi yawa, kwana uku ba ta gaishe ni ba. Taurin kan nan ba daga Ibrahim ka samo shi ba, shi bawan Allah ne."

Zahara'u ta fashe da dariya. Shu'aibu ya so ya daure, abin ya gagara, ya yi dariya hawaye na zuba, wushiryar duk a waje.

Da ya natsu ya sauko da buhun, ya zaro littafin, ya buɗe waƙar. Ɗelu ta tambaye shi ko zai soke ta ne tunda ta ɓata masa ita. Ya karanta daga farko har ƙarshe a hankali, yana bin layi da yatsa, sannan ya girgiza kai.

"Ba inda na yi kuskure. Inna na ce, kuma ga Inna zaune. Wadda ta shayar da ni, mi zan kira ta?"

Tsohuwa ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Shu'aibu na zuwa gidan Zahara'u da albasa da ƙullin kifi. Al'amin ya ce da idonsa ya ga tsohuwar na cire wa mai furfura ƙaya, shi kuwa ya miƙa hannu yana jira ko kunya babu. Amma a wannan Larabar, kafin su tashi daga lambun, abin da ya yi shi ne ya juya sabon shafi, ya cire murfin biro da haƙori, ya matso kusa da ita.

Ya ce, "Inna, gaya mini ita, wadda ta haife ni. Fara daga huskarta. In na rubuta ba daidai ba, ki gyara."