Murya ta Bakwai

Ni na koya wa ɗan kawuna kiɗan kwamfuta. Ina so a fara sanin wannan, domin a lokacin duk wanda ya zauna kusa da ni sai na gaya masa. Ina da ɗan shago a bakin titin Minjibir, da sola a kan rufi, ina cajin waya ina kuma haɗa waƙoƙin biki. Shi kuwa daga gonar gyaɗa yake zuwa, ƙafa duk ƙasa, ya zauna a bayana yana kallo. Taubashina ne, don haka ba na raga masa. Nakan ce hannun da ya saba da fartanya ba zai iya da linzamin kwamfuta ba.

A cikin manhajar da muke aiki da ita akwai abin da ake kira osileta, shi ke haifar da sautin. Kana iya ninka shi ya zama muryoyi da yawa, akwai kuma wani ɗan mamurɗi da ke karkatar da kowace murya, wata ta ɗan hau, wata ta ɗan sauka. Ni ban taɓa yarda da mamurɗin nan ba. A wurina sauti ya tsaya cak kamar kunyar da aka ja da igiya. Shi kuwa, da ya sayi tsohuwar laftof ɗinsa, kullum hannunsa na kan mamurɗin. Zai jera muryoyi biyar, bakwai, ya karkata su, sai ka ji abu ya cika ɗaki, yana lilo, yana numfashi. Na ce masa kiɗansa ya bugu. Amma na ga masu zuwa caji sun fara tsayawa idan nasa ne ke tashi, idan nawa ne sai su karɓi wayarsu su wuce. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Sai aka sa ranar ƙanwata. Mu biyu mahaifiyarmu Inna ta bari da ta rasu, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa wani zai yi waƙar wunin bikinta ba ni ba. Ranar wata Laraba ta leƙo shago, ɗan kawun nawa kuma ya miƙa mata abin saƙalawa a kunne ya ce ta ji wani abu da yake gwadawa. Tana saurare sai na ga hawaye. Ta share da bakin hijabi ta dube ni ta ce, “Yaya, ka yi haƙuri, wannan nake so a sa mini.”

Na ce ai ba komai, duk gida ne. Ƙarya nake yi. Kwana uku ko tuwo ba ya mini daɗi. Shekara nawa ina kiɗa, ba ta taɓa yi wa nawa kuka ba.

Ana gobe wuni, da hantsi, ɗan kawun nawa ya shigo a gaggauce. An aike shi Gezawa ɗauko rumfuna da kujeru. Ya ajiye laftof ya ce, “Ɗan Gwaggo, na gama komai. In ta yi caji ka fitar mini da waƙar ka zuba a fulash.”

Yana fita na buɗe. Muryoyi bakwai ne: shida a dunƙule, kowace ta ɗan kauce wa 'yar'uwarta, sai ta bakwai da ya ware ita kaɗai, ya sauke ta ƙasa fiye da sauran. Na ce wa kaina gyara zan yi masa, kar ya kunyata mu gaban baƙi. Na san ba gyara ba ne. Na murɗa komai ya koma sifili, na ɗago ta bakwai ta daidaita da sauran, na adana a kan nasa, na zuba a fulash.

Washegari bayan azahar ina zaure aka kunna. Sautin ya fito siriri, tsaf, mai ƙarfi, kamar kukan sauro a lasifika. Mata suka yi rawarsu, ba wanda ya lura. Na ji wani sanyi a zuciyata, ba zan ɓoye ba. Ban ankara ba sai ga amarya ta aiko a kira mu, mu biyu, bayan rumbu.

Ba ta ko dube ni ba. Shi ta kalla, lalle a hannu. “Ina Inna? Me ya sa ka cire ta?”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, “Ɗan Gwaggo, ba ka tuna sussuka a tsakar gidanku ba? Su bakwai ne ke taruwa, suna daka suna amshi. Babu biyu da muryarsu ke zuwa daidai. Gwaggo kuwa, Innarku, kullum tata a ƙasa take, har a riƙa tsokanarta. Wata biyu ina neman inda zan ajiye ta.”

Bai tona ni ba, ya ce mata wataƙila kwamfuta ce ta yi nata. Ya so ya sake saitawa, amma na riga na shafe, kuma ba aikin sa'a guda ba ne. Da la'asar sakaliya motoci suka zo, aka tafi da amarya.

Bayan girbi ya kawo mini sabon haɗi a fulash, ya ajiye a kan teburi ya fita. Na rufe shago na saka a kunne. Tun kafin a kai rabi na tsinci muryar Inna, can ƙasa, tana biye da sauran ba ta sauri. Ni da ta goya, sai da aka nuna mini sannan na gane ta.