Saƙon Ciwon Baba

A Matameye, 'yan shekaru kafin Faransawa su tafi, in mutum ya je cin rani Najeriya ya shantake har hadari ya fara haɗuwa, ba a yi masa dogon wa'azi. Aika masa ake yi cewa tsohonsa ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Kowa ya san da wannan. Wanda aka aika wa ma yakan gane, ya iso yana tsaki, a yi dariya, a wuce gona. Ni ma haka na yi wa ƙanena, kuma ranar da na yi ko a jikina.

Tun muna ƙanana shi gwani ne a ƙwallon gora. Ƙwallon goruba muke bugawa da karkatacciyar sanda a bayan gari, in ya ɗauko ta sai dai ka bi ƙurarsa. Da ya girma ya bi sahun masu cin rani zuwa Kano, ya samu aikin ban ruwa a wani filin wasa inda Turawa da Indiyawa ke buga irin wasan nan, amma da sandar kanti da takalma. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, aka miƙa wa ƙanena sanda don a cike gurbi. Shi ke nan. Rani na biyu yana buga wa gari, na uku yana buga wa Arewa. A takardunsu mutumin Kano ne, ba wanda ya tambaya.

A rani na huɗu ya aiko da takarda da ajami. Wai an zaɓe shi cikin waɗanda za su buga wa ƙasar baki ɗaya a Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana. Jirgin ƙasa zai kai su Ikko, daga can su wuce. Wai a yi masa haƙurin shukar bana, zai iso kafin noman fari.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙato da gemu, da mata da 'ya, wai wasa zai hana shi shuka! Gandu kuwa ni da shi ne, Baba ƙarfi ya ƙare. Na karanta wa Baba takardar, ya ce, “Yi yadda aka saba.”

Na san saƙon da aka saba ba zai motsa shi ba, don ya san kan abin. Sai na ƙara gishiri. Na rubuta cewa an juya Baba gabas, ana ta laƙƙana masa kalmar shahada. Na ba direban wata babbar mota mai bi ta iyakar Ɗan Barto zuwa Kano, na koma gyaran iri.

Kwana huɗu sai ga shi da hantsi. Motar da ya shiga ta lalace kusa da iyaka, ya ƙarasa da ƙafa. Idanunsa sun kumbura, leɓensa ya tsage. Ni ya fara gani a ƙofar gida, ko sallama bai yi ba, ya ce, “Yaya, an rufe shi?”

Kafin in buɗe baki Baba ya yi tari daga zaure. Yana zaune da ƙwaryar fura a gabansa, yana korar ƙuda.

Na tsaya jiran tsakin da aka saba. Na ma shirya faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji daɗi. Bai yi ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi jiki, Baba ya ce da sauƙi ba tare da ya dube shi ba. Maƙwabta suka shigo suna tsokanarsa, “Kai ma an kama ka!” Wasu har da tafi. Shi dai yana kallon ƙasa. Sai daga baya na ji daga bakin matarsa cewa ranar da ya iso gida saura kwana biyu 'yan wasan su tashi daga Kano. Ko da ya juya a take, ba zai tarar da su ba.

Ba su sake kiransa ba. Sun sa wani a gurbinsa, wanin kuma ya riƙe wurin. Ya ci gaba da zuwa Kano duk rani har shekara goma sha wani abu, yana shayar da ciyawar filin nan, wasu na bugawa. Ana tambayata ko na yi nadama. Gaskiya ban san sunan abin da nake ji ba. In na taɓa wurin ba ciwo, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Washegarin isowarsa aka yi ruwa. Kwana ɗaya bayan nan muka fita shuka. Ni ne a gaba da sungumi ina sara, shi yana biye yana zuba gero yana rufewa da diddige. Haka muka yi ta yi tun safe. Da rana ta take muka kai ƙarshen layi, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya daɗe yana dubanta.

Ya ce, “Yaya, yanzu sun wuce Zariya.”

Na ce, “To.”

Muka juya muka kama wani layin.